Romon Rago a Gaɓar Pahlavi

Tun da aka ce jirgin ruwa zai iso, Witold ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je bakin teku, ya dawo, ya ɗaure igiyar tantin da ba ta kwance ba, ya sake komawa. Tun ranar da Rasha ta saki 'yan Poland daga sansanonin bauta, suka kafa rundunarsu, Witold na cikin sojojinta, suka haye zuwa Iran, duk jirgin da ya tsaya a tashar ruwa ta Pahlavi sai ya tare shi, ko yayansa Hipolit na ciki.

"Kai, za ka haƙa mana rijiya da ƙafa," in ji Galka, kukun rundunar. "Zo ka juya min tukunya, ko ka yi amfani yau."

Romon rago ne, kitse na yawo a sama. Witold ko ƙamshinsa ba ya son ji. A makon da suka sauka ya ga aikin irin wannan romo: mutanen da yunwar Siberiya ta kasa kashewa suka ci suka yi nak, hanji ya ƙi ɗauka, aka binne su a bayan tantuna.

Ashe Hipolit na cikin jirgin. Witold bai gane shi ba sai da ya yi wani tari irin na babansu. An aske shi, an ƙone tsummokaransa saboda ƙwarƙwata, an yafa masa bargo. Suka rungume juna suna kuka, sannan Witold ya ruga neman shayi da farar shinkafa.

Kafin ya dawo, wani mai tausayin banza ya cika wa Hipolit kwano da romo.

"Yaya, ajiye shi."

"Witek, nama ne fa!" in ji Hipolit, da sunan da yake kiransa tun yana yaro. "Duba, nama!"

"Kashe ka zai yi. Na rantse da Allah na ga ya kashe wasu. Ga shinkafa, kwana kaɗan ne kawai."

"Kai da ka yi kumatu ne za ka ce min shinkafa? Ni na goya ka, ɗan banza!"

Ya duƙa ya rufe kwanon da ƙirji da hannuwa biyu. Witold ya kama wuyan hannunsa ya murɗe. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne bai ma sha wahalar murɗe hannun ba. Ya kifar da romon, Hipolit ya durƙusa yana tonon yashi yana neman tsokar naman, shi kuma ya sa takalmin soja ya take tsokar.

Hipolit ya daina tono. Ya dubi takalmin, ya dubi kakin, amma bai kai ga fuskar ba. A hankali ya miƙe, ya mayar da hannuwa baya, ya sunkuyar da kai.

"Tuba nake, ranka ya daɗe," ya ce. "Ba zan ƙara ba."

Da harshen Rasha ya faɗa, yadda ya saba faɗa wa masu gadin sansanin bauta.