Ƙwayoyin Ranar Lahadi

"Duba mini wannan, Malam, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Magdalene ta miƙo ambulan ɗin ta saman katangar da ta raba gidajensu, ta matse shi tsakanin tafukan hannu biyu, don yatsunta sun daɗe da karkacewa. Arzika ya karɓa ya ɗaga shi a hasken hantsi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ba da magani a tagar asibiti kafin ya yi ritaya, kuma har yau babu ambulan ɗin magani da yake shiga unguwarsu a Zuru bai bi ta hannunsa ba.

Ƙwayoyi ne ƙanana, rawaya. A jikin takardar an zana gicciye, alamar ranar coci, ƙarƙashinsa an rubuta: huɗu, ranar Lahadi kaɗai.

"Wa ya ba ki?"

"Dakta Farida, ta ƙaramin asibitinmu. Ta ce ba sai na ƙara shan wahalar hanyar Sakkwato ba. An kai ta da wasu likitoci an koya musu ciwon gaɓɓai, yanzu a nan za ta riƙa duba mu duk Laraba."

"An koya musu. Kwana nawa?"

"Mako biyu. Kuma wai manyan likitocin suna bin sawunsu ta waya."

"Maman Rachael, ni a mako biyu ko wanke kwalba ban gama koyo ba."

Ya san irinsu. A tara su a otal, a ba su jaka da shayi, su dawo da takardar shaida su rataye a bango. Yarinyar da aka haifa yana tsakiyar aiki, yau ita ce masaniyar ciwon da manya suka yi furfura a kansa.

"Maganin da ake sha sau ɗaya a mako ai ɗanɗano ne," in ji shi. "Ko ciwon naki ma sai Lahadi yake zuwa coci?"

Ta yi dariya har ta dafa katanga. Sannan ta ce, "Ta ja kunnena fa, Malam. Sau uku ta maimaita."

"Tsoro ne. Sabon likita ba ya son a ce ya yi yawa, sai ya bar mutum da ciwonsa."

Ya zaro biro daga aljihu. Bai taɓa gicciyen ba, saboda haƙƙin maƙwabtaka. A gefensa ya zana rana tana fitowa, ya ja layi huɗu ƙarƙashinta, kamar yadda ya zana wa dubban mutanen da ba su iya karatu ba.

"Kullum da safe, bayan kin sha kunu."

Magdalene matar soja ce, ta saba bin umurni ko bayan rasuwar mijinta. Ba ta tsallake rana ko ɗaya ba.

A rana ta shida bakinta ya yi gyambo, kunun ma ya gagara. Arzika ya leƙa ta katanga ya ce ciwon ne yake fita. A ta tara zazzaɓi ya kwantar da ita. 'Yarta Rachael ta zo daga Dirin Daji inda take koyarwa, ta kai ta babban asibiti. Da motar ta tashi, Arzika ya shiga gidansu don ya ja musu ƙofa. Ya ga ambulan ɗin a kan tabarma, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Ya saka shi a aljihu, bai tsaya tambayar kansa dalili ba.

Kwana uku Magdalene ta ƙara a duniya.

Ranar zaman makoki matan zumuntar coci suka cika tsakar gida da waƙa, maza suna ƙarƙashin rumfa a waje. Rachael ta durƙusa gaban Arzika.

"Baba, likitocin sun ce maganin ne ya ƙone mata jini. Wai kamar ta shanye na wata biyu cikin mako ɗaya."

Arzika ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Aikin likitar mako biyu ke nan," in ji wani dattijo a bayansa. Kalmar Arzika ce, shi ya fara faɗarta a majalisa, ga ta yanzu ta yi ƙafa. Dattijon ya ci gaba, "Ni dai tawa matar ba za ta koma ba. Sakkwato kuwa ba ta iya zaman mota. Sai dai ta haƙura da gwiwoyinta."

Ana cikin haka Dakta Farida ta iso. Ta yi gaisuwa, babu wanda ya amsa da ƙarfi, Rachael kuma ta juya mata baya. Likitar ba ta tafi ba. Ta tambayi ambulan ɗin, aka ce an nema ba a gani ba.

"Na zana mata gicciye da hannuna," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. Sai ta juyo wurin Arzika ta russuna. "Baba, kai ne maƙwabcinta, kuma ka san aikin nan tun ba a haife ni ba. Ta nuna maka shi?"

Takardar tana aljihunsa na ƙirji, yana jin gefenta a fata.

"Kwananta ne ya ƙare, 'yata," in ji shi.

Maza suka gyaɗa kai, suka ce Malam ya yi dattaku da bai tozarta yarinya ba. Ya karɓi yabon. A duk shekarunsa na raina mutane, bai taɓa ganin abin raini kamar tsohon da ke zaune cikin rigarsa a wannan rumfa ba.

Ranar Laraba ya sa rigar da yake zuwa aiki da ita a da, ya taka zuwa ƙaramin asibitin. Bencin masu ciwon gaɓɓai, wanda makonnin baya yake cika da tsofaffi da sandunansu, babu kowa a kai. Ta ƙofar da ke buɗe ya hango Dakta Farida tana jera katunan marasa lafiya a tebur, tana daidaita gefensu.

Ya zauna a farkon bencin, inda mai layi na ɗaya yake zama. Ya fito da ambulan ɗin, ya miƙar da lanƙwasarsa da babban yatsa, ya ɗora shi a gwiwa, zanen ranar yana kallon sama.