Karen Ma'adi da Turmin Balki

Duk Bahaushen da ya zauna unguwar Faisal ta Alƙahira wajen shekarar 1983 ya san Hajiya Balki, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Mutuniyar Maraɗi ce, 'yar gajeruwa, in ta soma faɗa daga rufin bene sai mai sayar da wake a bakin titi ya ɗaga kai. Mijinta Alhaji Maman ɗan kasuwa ne, yana sayen turare da yadi da littattafan addini yana aikawa gida.

Amma ba turaren Alhaji ya tara musu jama'a ba, turmin Balki ne. Turmin ƙirya ne na uwarta, da shi ta hau jirgin sama bayan ta gama masifa da masu awon kaya, kuma duk Faisal babu na biyunsa. Kowace Juma'a in an sauko masallaci, ɗaliban Kano da na Damagaram sai su cika rufin benen, su ci tuwo da miyar da aka daka wa daddawa a turmin gida, su lashe hannu har gwiwa. Alhaji kuwa ya zauna a tsakiya yana hura hanci kamar shi ya tuƙa.

To, a rufin nan akwai ɗan ɗakin da Alhaji ke ajiyar kaya, wata rana aka wayi gari an yi gaba da kwalayen turare. Wani direba da ke aiki a unguwar Zamalek ya ba shi labarin wata tsohuwar Baturiya a unguwar Ma'adi wadda ke tsince karnukan titi, ta yi musu magani, ta ba mai so. Alhaji bai shawarci kowa ba, ya tafi ya zaɓi wanda ya fi girma. An ce matar ta yi ta gaya masa da gurɓataccen Larabcinta cewa wannan matsoraci ne, maza sun taɓa yi masa dukan kawo wuƙa, sai an yi haƙuri da shi. Shi kuwa yana ta "tamam, tamam, ba komai", idonsa na kan kaurin ƙafafun karen.

Balki tana shanya aka jawo shi sama. Ta saki zanen da ke hannunta.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Mai gadi ne."

"Kare? A inda nake shanya, a inda nake daka? Ka rasa abin da za ka kwaso mini daga Ma'adi sai kare?"

Malam Nata'ala, wani ɗalibi ɗan Kazaure da ba ya rabuwa da Alhaji, musamman in an kusa sauke tukunya, ya gyara murya. "Hajiya, ai a mazhabarmu ta Malikiyya karen gadi babu laifi."

"To Malam, Malikiyyar ce za ta riƙa kwashe kashinsa, ko kai?"

Malam ya koma duban sama. Shi kuwa mai gadi, ana kwance masa igiya ya ja ciki ya shige tsakanin turmi da bango, ya cusa kai. Ja ne, kunne ɗaya a yage. Alhaji ya yi tari, sai ga fitsari yana gangarowa daga ƙarƙashin turmi. Abin da Balki ta faɗa a ranar ba ya rubutuwa.

Aka kwana, aka tashi, kare ya ƙi cin abinci. Alhaji ya tsuguna da tsokar nama yana lallashi, kare sai makyarkyata. Balki kuwa haushi ya ishe ta. Ran nan tana kankare tukunya ta wurga ƙanzo ta bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba, tana ta sababi: "Ci ko ka mutu, lusari, in huta! Ƙato har ƙato, zuciyar kaza!" Sai ta ji ƙurus-ƙurus a baya. Ta yi kamar ba ta ji ba. Kashegari ma haka. Ashe shi mai tsugunawa da murya mai daɗi yake tsoro, mai zaginsa ta juya masa baya kuwa ba ta dame shi ba. Sunan Lusari ya bi shi. In tana daka, yana nan kwance a bayan turmi, taɓarya na dukan ƙasa har cikin haƙarƙarinsa, ba ya ko motsi. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ta sauko.

Wata ya shuɗe ba a ji haushinsa ba ko sau ɗaya. Ɗalibai suka samu abin yi. "Alhaji, ina kwanan tunkiyarka? A bar mana ita zuwa layya." Abin ya ci wa Alhaji rai ƙwarai.

Nan fa Malam Nata'ala ya kawo shawara. Ya ce a garinsu in mafarauta suna son kare ya yi zafi, rina ake kamowa a daka da barkono a cusa a nama, in ya ci ko kura ba ya tsoro. Ranar Alhamis suka bari Balki ta tafi kasuwa, suka je wajen mai matsar ruwan rake suka kamo rinar Masar, irin jajayen nan manya, cikin gwangwani. Ina za a daka? Ga turmi. Kare ya ƙi ci daga hannunsu, suka danne shi suka ɗura masa.

Da Balki ta dawo, tun daga matakala ta ji warin barkono. Ta leƙa turmi, ga fikafikai da ƙafafu sun manne a ciki. Ta duba bayansa, babu kare. Can ta hango shi a bayan tankin ruwa, baki ya kumbura, miyau na dalala, ido ɗaya ya rufe. Ya gan ta, ya ƙara matsewa cikin lungu. Wannan matsewar ce ta fi ƙona mata rai.

"Wane la'ananne ne ya taɓa mini turmi?"

Alhaji ya fito yana saɓa riga. "Balki, rage murya, maƙwabta na ji. Magani muka yi masa."

"Su ji! Magani? Turmin uwata ka maida wajen kirɓa ƙwari? Dabbar da ba ta da maɓoya a duniya sai bayan turmin nan, a cikinsa kuka daka mata azaba? Ku biyu, da gemunku!"

"Khalas, ya isa. Maganin ma bai ci ba, ko gurnani bai yi ba. Gobe bayan Juma'a zan kai shi bakin gonaki in sake shi."

"Ka maida shi inda ka ɗauko shi mana."

Alhaji ya kau da kai. Ina zai kai wa Baturiya kare da wannan baki, ya ce mata me?

Balki ta san abin da ke bakin gonakin. Da idonta ta ga masu bindiga da naman guba suna zagaye, ta ga amalanken da suke loda wa gawar karnuka. Karen da ko gudun kirki bai iya ba, ba zai kai Asabar ba. Ta zuba madara a kwano ta tura bayan tankin da ƙafa, ta juya baya ta zauna a ƙasa, ta yi ta zaginsa, shi da wanda ya kawo shi da wanda ya ba da shawara, har makogwaronta ya bushe. Sai can ta ji lasa a hankali.

Ranar Juma'a ɗalibai suka hau rufi kamar kullum, suka tarar murhu a sanyaye. Ga Alhaji da igiya. Ga Balki ta ci ɗamara, ta kinkimi turmi ta ɗora a kan katangar rufin, hannu ɗaya kawai ke riƙe da shi, ƙasa kuwa hawa huɗu.

"Hajiya, lafiya?" in ji Malam Nata'ala.

"Ƙalau. Kare ya sauka ta matakala, turmi ya sauka ta nan. Mu ga wanda zai riga isa."

"Balki, turmin mahaifiyarki ne fa," in ji Alhaji.

"Yau ka tuna? Jiya da kake kirɓa rina na uwar wa ne?"

Ta ɗan karkata shi. Ɗalibai suka ɗauki salati gaba ɗaya. Waɗanda suka ce a bar musu tunkiya zuwa layya, su ne suka riƙe wa Alhaji hannun riga. "Ma'alish, Alhaji, a yi haƙuri. Kare ai halittar Allah ce." Wani har da jawo hadisi. Tsoron Allah ne ko tsoron komawa cin wake da burodi, ban shiga zuciyarsu ba.

Alhaji dai ya fizge, don kada a ce mace ta tanƙwara shi a gaban yara, ya nufi tanki. Kafin ya isa, Lusari ya rarrafo ta ɗaya gefen, ciki a ƙasa, ya ratsa tsakanin ƙafafun mazan nan yana makyarkyata, ya je bayan Balki ya cusa kumburarren bakinsa cikin zanenta. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba.

"Kauce mini, ɗan banza, za ka ɓata mini zane," in ji Balki, amma ba ta janye ƙafa ba. Ta dubi mijinta. "To Alhaji, ga shi nan. Zo ka ɗauka."

Alhaji ya dubi turmi, ya dubi ɗalibai, ya dubi igiyar hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ita ba. Ya ce dama shi tun farko kwaɗo ya yi niyyar saya wa ɗakin.

Aka taru aka sauko da turmi. Balki ta tura wa Malam Nata'ala bokiti da soso.

"Sau bakwai, Malam, ɗaya da ƙasa."

"Hajiya, ai wannan hukuncin ƙwaryar da kare ya lasa ne."

"Na sani. Shi bai taɓa sa mini baki a turmi ba. Wanke."

Malam ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ba a ci tuwo ba ranar sai bayan la'asar, kuma kafin a zuba wa kowa, Balki ta kankare ƙanzo ta wurga ta bayanta.