Man Ayun Safi

Hassada? Ni? Ke Raudatu, rufe min baki. Tun ba a haihe ki ba nike tausar matan Dakoro, shekara talatin da wani abu, sannan yau ɗiyar cikina ta zo ta ce in tahi in ba Safi haƙuri. Zauna ki ji yadda aka yi, tunda rabi aka kai miki.

Safi ƙawata ce tun muna tallar hura, kin sani. Ɗanta Attaher, wanda ke aikin biro a Yamai, shi ya ga ƙugunta ya matsa mata, ya ɗauke ta lokacin hutunsa na bakansi zuwa wani tsibiri can wajen Indiya. Ni ce hwa nike tausar ƙugun nan duk damina, ko goro ban taɓa amsa ba. Da za a tahi, ba a ce min ko ki gaida gida ba. Ban ji komi ba. Na dai lura.

Kwana goma sha huɗu ta yi. Ta komo ta rame, tana cewa ta yi sauƙi. Wai ba nama, ba hura, ruwan ɗumi da ganye, ga teku ga itacen kwakwa. Na ce a raina, yunwa ce suka kai ta ta yi a bakin ruwa, alhali muna da ita nan kusa.

Ta nuna min hotuna a telehon. Mata farare da baƙaƙe a kan tabarmi, kowa ta ɗage ƙahwa guda kamar shamuwa, wasu sun kihe ɗuwawu sama. Sunan abin wai yoga. Na tambaye ta ina suka sa gaba, gabas ko yamma, ta ce ba salla ba ce, numhwashi ake koyo. Safi mai jika tara, sai yanzu aka koya mata numhwashi.

Duk wannan bai dame ni ba. Kwalbar ce. Ta zo da wata kwalbar mai, ta ce na Ayurbeda ne, wai maganin gargajiyar mutanen can. To matanmu rabin kalmar suka kama. Ayu. Tunda daga teku ta hito, ai man ayu ne, wanda aka ce in mace ta shafa mijinta ba ya ƙara kallon titi. Kahin Juma'a zancen ya kai Sabon Maci. Masu ciwon baya, masu ciwon miji, duk suka bi gidan Safi. Ita ko ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta shimhiɗa tabarma ta hwara tausa. Safi da ko tuƙin tuwo gajiyar da hannunta yake.

Sati ukku tabarmata ba wanda ya kwanta sai kyanwa.

Sai Nuriyya matar Zakiru ta haihu. Nuriyyar da ni na yanke cibiyarta, ni na yi wa uwarta wankan jego. Aka ce Safi aka kira ta yi mata tausa. Nan ne na ɗauki mayahina. Ba hwaɗa na tahi yi ba, barka na tahi.

Na tarar ɗaki cike da mata, ruwan zahi a baho, yarinya kwance tana cije leɓe, Safi na dirzar bayanta kamar mai wankin tukunya. Na gaishe su, na ce Safi miƙo min kwalbar nan in ga abin duniya. Ta miƙo tana taƙama. Na sunsuna. Na ɗiga a yatsa na lasa.

Riɗi ne, Raudatu. Man riɗi da ɗan ƙamshin citta. Irin wanda Ɗayyabu ke kawowa daga Korahane ranar kasuwa.

Na hwaɗa, ban ɗaga murya ba. Wata har ta janye hannun da ta miƙa a ɗiga mata. Safi ta ce ita ba ta taɓa cewa ayu ba, su suka ce, kuma ba man ne abin ba, hannun ne, ta koyo wurin likitocin can. Sannan ta juyo gare ni a gaban kowa.

"Dela, baƙin ciki ne ke cin ki. Ke ko Yamai ba ki sani ba, balle teku."

Uwar Nuriyya ta dube ni, ta dubi Safi, ta rasa wa za ta sallama. Na tuɓe awarwarona na aje, na naɗe hannun riga.

Na ce, "Gaskiyarki, ban ga teku ba. Amma a can ke aka tausa, ba ke kika yi tausa ba. Kwana goma sha huɗu kina kihe rub da ciki, idonki a ƙasa, suna aiki a bayanki. Da ƙeya kika koya? Matsa min, ruwan na hucewa."