Safar Hannun Tsuntsuwa

"Talatin da biyu," Iya Mai Ulu ta ce, idonta a rufe.

Malama ta sake duba littafin da ke kan cinyarta. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da lissafi a firamare, ba za a ce yau ƙidayar zare ce za ta kai ta ƙasa ba. Ga shi nan da rubutun Iya: safar hannun babba, ƙulli arba'in a kan tsinken saƙa, zagayen tafin hannu santimita ashirin. Ita kuwa da safen nan ta auna hannun 'yarta da tef ɗin tela, sha huɗu cif. Ko ɗan aji uku aka bai wa wannan, ashirin da takwas zai ce.

Ta faɗa wa tsohuwar haka da murya ƙasa-ƙasa, don 'yar Iya ta ja mata kunne kada a gajiyar da ita da surutu. Iya ta ce ta ji, talatin da biyu. Daga nan ta tambaya ko an sauke tukunya, alhali rabonta da kicin wata biyu ke nan.

Ƙofarsu na kallon juna a hawa na biyu, taku uku ne tsakani. Babu yaron da ya tashi a benen nan bai sa hula ko rigar sanyin Iya ba. Amma a cikinsu duka ta fi ji da 'yar Malama, yarinya 'yar shekara bakwai da ta laƙaba wa Tsuntsuwa saboda ƙarancin cin abincinta. Tsuntsuwa na da sikila. Da sanyi ya shigo, yatsunta yake fara kamawa, su kumbura, ta yini tana kuka da hannu a hammata. Safar kanti mai yatsa-yatsa matse ta take yi. Shi ne Iya ta ce za ta saƙa mata irin wadda yatsu huɗu ke zama ɗaki ɗaya suna ɗumama juna, babban yatsa a nasa ɗakin shi kaɗai kamar maigida. Ta gama ta dama da jan ulu, ciwo ya kwantar da ita kafin ta ɗora ta hagu.

Ta daman ma, da aka gwada, sai ta yi wa yarinyar yawa. Kan safar ya lanƙwashe, babu yatsa a cikinsa. A lokacin Malama ta yi godiya, amma a ranta ta ce ashe tun nan ciwon ya fara taɓa ƙwaƙwalwar baiwar Allah.

Malama dai ba ta son abu ya yi wa Tsuntsuwa yawa. Riga, takalmi, komai daidai jiki take saye, har maigidanta kan yi mata tsiya cewa da masu kanti aka haɗa baki da ita. Ya san dalili, shi ya sa tsiyar ba ta yin nisa. Yayar Tsuntsuwa ma sikila gare ta. An taɓa saya mata jan takalmi mai lamba ɗaya sama da ƙafarta, aka ce za ta girma ta cika shi. Ba ta rayu ta cika shi ba. Yana nan a kwalinsa a saman durowa, shekara biyar ke nan, ko ƙasa bai taɓa takawa ba.

Ta fito daga ɗakin Iya kanta a ɗaure. A falo 'yar Iya, wadda ta ɗauki hutu daga aiki ta dawo jinya, ta ce mata kada ta biye wa lambobin nan. Jiya ma Iya ta ce ƙarfe talatin ne, shekaranjiya kuma ta kira likita da sunan ƙaninta da ya rasu tun tana budurwa. To, wa za a bi? Littafi na Iya ne, baki na Iya ne, safar da ta yi yawa ma ta Iya ce, kuma babu biyu a cikinsu da suka yarda da juna. Ga sanyi ya fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa da safe.

Malama ta bi lissafi, don shi ne bai taɓa ba ta kunya ba. Abin da Iya ta koya mata a saƙa bai wuce na mayafin wuya ba, don haka ta sha wuya. Lokacin hutun tara, abokan aiki na shan shayi, ita tana gefe da tsinke huɗu suna tsone mata hannu. Wurin babban yatsa sau uku tana warwarewa. Kwana biyar ta gama. Da Tsuntsuwa ta zura hannu, safar ta zauna ɗas, ba ragi ba ƙari, Malama ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Da la'asar ta kai wa Iya. Ɗakin na warin man zafi, an ɗage labule rabi, ƙwallayen ulu na cikin kwando a gindin gado inda hannunta ba ya kaiwa yanzu. Ta sa mata safar a tafi. Iya ba ta duba ba, da babban yatsa ta bi bakin safar tana motsa leɓe har ta zagayo.

"Ta wa ce wannan?"

"Ta Tsuntsuwa ce, Iya. Ta hagun. Ta yi mata daidai."

"Daidai," Iya ta ce. Ta ajiye safar a kan bargo. "Ke da nake ganin kin warke."

Malama ta ce ai ita lafiyarta ƙalau, Iya ce ba ta da lafiya. Tsohuwar ta ce a rufe taga kaji za su shigo. A hawa na biyu! Malama ta gyara mata bargo ta fito, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Washegari da hantsi, Malama na gaban allo tana raba tara gida uku, Iya ta cika. Malama ba ta sani ba sai da ta dawo ta tarar da ƙofar a buɗe, takalma sun cika taku ukun nan har sun gangara matakala. Ta tsaya riƙe da jakar makaranta, ta rasa ƙofar da za ta fara shiga.

Bayan kwana huɗu, da mutane suka ragu, 'yar Iya ta ƙwanƙwasa mata da kwandon ulu da littafin, ta ce ita ba ta iya ba, kada su lalace a hannunta. Safa biyun na kan tebur, babba da ƙarama. Tana ganinsu ta yi dariya da jajayen idanu, ta ɗaga babbar ta ce ko a cikin dubu za ta gane aikin uwarta. Duk yarintarta naɗe hannun riga take yi, wai kafin rigar sanyi ta yi mata daidai ta riga ta koɗe.

"In na yi ƙorafi sai ta ce, wanda ya saƙa wa yaro daidai jikinsa bai sa ran ganinsa baɗi ba."

Ta faɗa ne kawai, irin yadda ake tuna maganar mamaci. Sai da ta ga fuskar Malama ta ajiye safar, ta ce bari ta je, ta bar ruwa a wuta.

Malama ta zauna ta buɗe littafin, wannan karon har ƙarshe. A shafin baya akwai zanen hannun yaro da fensir, irin wanda ake ɗora tafi a bi gefensa. A kewaye da shi an sake jan wani layin, ya fi faɗi, ya fi tsawo da kamar gaɓar yatsa. A ƙasa an rubuta Tsuntsuwa, 32, da kwanan wata. Tun kafin ciwon ne da wata guda, rubutun a miƙe yake, babu rawar hannu ko kaɗan.

Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba, tsoron nan da ta ɗauka ta ɓoye shi inda ko maigidanta ba ya gani. Ashe taku uku daga ƙofarta ana kallonsa shekara biyar. Ta ɗaga kai wajen ɗakin kwana, inda durowar take, ta sauke.

Da Tsuntsuwa ta tashi daga barcin rana, ta tarar uwarta ta tsinke kan ƙaramar safar tana jan zare. Ta ce, "Umma, ai wannan ce ta yi min daidai." Malama ta ce ta sani, ta zo ta riƙe mata. Yarinyar ta zauna a ƙasa, ta sa ta Iya a hannun dama, tana naɗe zaren da ya fito a murɗe, kan safar na lilo a gaban yatsunta.

Malama ta ɗauki tsinke ta fara ɗorawa, suna ƙirgawa tare. A ashirin da takwas hannunta ya tsaya. Tsuntsuwa ta jira, ta gaji da jira.

"Ashirin da tara," ta ce, ta miƙo zaren.