Dokar da Bunsuru Ya Ƙi Ci

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a wata ƙasa da rana tsaka, ina sanye da rigar da nake sawa in horar da 'yan ƙwallon kwando a unguwarmu. Mutanen ƙasar da baya suke tafiya idan suna sauri. Inuwarsu kuwa a naɗe take a hammata kamar tabarma, sai sun gaji su shimfiɗa ta su zauna. Na tambayi wani dattijo hanyar filin wasa, ya ce ai filin ne yake nemana tun da safe. Bai rufe baki ba sai ga filin ya iso yana haki.

Shekara ashirin ina koyar da wasan nan, kuma duk wanda ya zo hannuna sai na cika masa kunne da tarihi, ko yana so ko ba ya so. Nakan gaya musu da kwandon zuba 'ya'yan itace aka fara, gindinsa a toshe, in ƙwallo ta shiga sai wani ya hau tsani ya ciro ta. To a wannan ƙasa har yau haka ake yi. Ga kwandon kaba ɗaure a kan turke, ga tsani a jingine. A ƙolin tsanin kuwa Yaya Tasalla ce zaune.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta shida da rasuwa. Ita ta kafa tsohon kwando a jikin darbejiyar gidanmu, ita ta koya mini jifa. In ta jefa goma, tara sai sun shiga. Amma har ta bar duniya ba ta taɓa shiga wasa na gaske ba, ko sau ɗaya.

"Yaya, me kike yi a can sama?"

"Aiki," in ji ta. Ta ciro ƙwallo ta wurgo wa wani zabgegen ɗan wasa. "Tanimu, ka yi tumbi."

"Sauko ki yi wasa mana."

"Akwai doka. In za ka yi wani abu ka gaggauta, ga agogo can."

Agogon ƙanƙara ce a cikin baho, a tsakiyar rana. Alƙalin wasa, wani zakara mai usur a wuya, ya yi mini bayani cikin ladabi. Ya ce da zarar ta narke an tashi, kowa ya koma inda ya fito, kuma mamata ne kan gaba. A lokacin ƙanƙarar ta kai girman kabewa. Na ji babu abin da nake so a duniya illa in ga Yaya ta jefa ƙwallo a filin nan kafin ta narke.

Sai ga ni a ofishin dokoki.

Shugaban ofishin bunsuru ne mai tabarau, yana zaune a kujera mai juyawa. A ƙasar ba a soke doka da sa hannu, sai bunsurun ya cinye ta.

"Ranka ya daɗe, dokar da ta hana yayata wasa nake nema."

"Bismilla, zauna." Ya yi gyatsa. "Wadda ta hana baƙar fata shiga ƙungiya ɗaya da farare? Na cinye ta tuntuni. Ta daɗe tana yi mini kai-kawo a ciki."

"Ba ita ba."

"Wadda ta raba wa mata fili uku, kowace ta tsaya a yankinta kada ta gaji? Na ci. Ta masu keken guragu ma na ci, da ɗan gishiri."

"To me ya riƙe ta a kan tsani?"

Ya buɗe durowa ya zaro wata 'yar takarda, irin ta littafin makaranta, ya turo mini da kofato. Rubutuna ne. Har da yadda nake karkata harafi lokacin ina aji uku. An rubuta: Yaya, ki fita, kina ba ni kunya. Ki tsaya can ki riƙa tsinto mana ƙwallo.

Ban taɓa rubuta wannan magana ba, da baki na faɗe ta, ina ɗan shekara goma sha biyar. Ranar mutum ɗaya ya rage a cike ƙungiya a filin makarantarmu, Yaya ta zo kawo mini saƙo, ta gyara ɗaurin zaninta ta shigo. Abokaina suka bushe da dariya, ni kuwa na faɗi abin da na faɗa. Ta koma bakin shinge tana tsinto mana ƙwallo har aka tashi, kuma daga ranar ba ta ƙara taɓa kwandon darbejiya ba. Ni da nake wa yara laccar waɗanda aka hana wasa a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, wallahi na manta da wannan sarai.

"Ranka ya daɗe, taimaka ka cinye ta."

Ya sinsina takardar ya kau da kai. "Ni dokokin hukuma nake ci. Wannan ta cikin gida ce, sai mai ita."

Na cusa ta a baki. Ɗaci kamar maɗaci. Ina tauna tana ƙara kauri, kuma duk taunawa ɗaya sai lasifikar garin ta maimaita maganar da muryata ta ƙuruciya. Masu tafiya da baya suka tsaya cak suna saurare. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ashe kai ne." Na haɗiye da ƙyar, hawaye na zuba a rigata. Bunsurun ya buga hatimi a goshina ya ce na gaba ya shigo.

Sai ga ni a fili. Ƙanƙarar ta koma kamar goro.

Yaya ta fara saukowa, sai zakara ya busa usur. "Ba a barin tsani babu kowa. In babu mai ciro ƙwallo, babu wasa."

Na dubi 'yan wasa, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmi. Na dubi 'yan kallo, suka shimfiɗa inuwarsu suka kwanta. Na tuɓe rigar koci na miƙa wa Yaya, na kama tsani. Muka haɗu a tsakiya, ita tana sauka ina hawa.

"Da zafi a saman," in ji ta. "Kuma ba a tafa wa mutum."

"Yaya, ki yafe mini."

"Matsa, kana tare mini hanya."

Daga sama na ga abin da ban taɓa gani ba. Yayata, babu takalmi, ta karɓi ƙwallo ta ratsa ƙarti uku. Na farko ya faɗi zaune. Na biyu ya juya yana nemanta a bayansa. Na ukun ya cire hula ya gaishe ta. Dariya take yi, irin wadda rabona da ji tun muna yara. Ƙanƙarar ta zama kamar ƙwayar gero.

Ta tsaya, ta ɗago kai ta dube ni. "Tanimu, kalli gwiwar hannu. Kullum nan kake kuskure."

Ta yi tsalle ta saki ƙwallon. Ƙwallon ta taso tana juyawa a hankali, tana nufo kwandon, ni kuma na ɗaga hannu biyu ina jiran in ciro mata ita.

Sai na ji ana dukan ƙofar gida, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Mai ruwa ne, yana cewa a kawo bokiti, jarka shida ce yau. Gari ya waye. Ina kwance rigingine, hannuwana biyu a sama a buɗe, kuma ban ga ko ƙwallon ta shiga ba.