Wuyan Riga

Ranar Laraba da safe aka kira Akawu a waya, yana tsaye bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Yayarsa ce. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce ranar Asabar za ta zo ta ɗauke Inna, mahaifiyarsu, a haɗa mata kayanta. Wai labari ya iske ta cewa matarsa ta mayar da gidan gidan rowa, har tsohuwa ma ba ta tsira ba, an sa ta aikatau.

Akawu ya kashe wayar ya tsaya yana kallon matarsa. Mutumin kirki ne, wannan kowa ya sani, amma da zarar yayarsa ta ɗaga murya ba ya iya yi mata musu, tun suna yara haka suke.

"Sa ɗaya takalmin ka tafi aiki," in ji matar. "Asabar ai ba yau ba ce."

Almakashi ake ce mata a layin. Tela ce, kekenta na nan a lungun falo kusa da taga, amma ba ɗinkin kaɗai ya jawo mata sunan ba. Tun da kamfani ya zaftare wa mijinta albashi, yau wata tara ke nan, babu abin da ya shigo gidan nan bai ji almakashi ba. Sabulun wanki sanda guda take saya, ta yanka shi gida takwas, ta jera a kan taga ya bushe ƙamas, don busasshen sabulu ba ya narkewa a hannun yara. Kasuwa kuwa ba ta leƙa ta sai la'asar sakaliya, lokacin da masu tumatir suka gaji da ciniki suna neman hanyar gida. Wake a jiƙa shi kafin ya hau wuta, kada ya cinye gas. Hatta man goge baki, in kowa ya rantse ya ƙare, sai ta tsaga cikinsa ta fito da na kwana huɗu. 'Ya'yanta mata biyu sun yi ƙorafi na wata guda suka haƙura. Yanzu ƙaramar ce ma ke bin ɗakuna tana kashe fitila tana hararar mutane.

Maƙwabta sun yi dariya, sun yi gulma, daga baya suka fara leƙowa a kaikaice suna tambayar yadda ake yi. Ita ko a jikinta. Ta san tsimi, ta san rowa, kuma ba ta taɓa rikita su ba. A gidanta ba wanda ya taɓa tashi daga cin abinci yana lashe kwano don bai ƙoshi ba, maganin Inna kuma bai taɓa yankewa ko na yini ɗaya ba.

Amma maganar ɗauke Inna ta taɓa ta, kuma ba ƙaramin taɓawa ba. Shekara biyu da suka wuce tsohuwar ta sami shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallame ta daga asibiti ta yi wata huɗu a gidan Yaya, gida mai bene da masu aiki, sannan aka dawo da ita nan don ya fi kusa da inda ake yi mata gashi. Ta zo da hannun dama a dunƙule, magana kuma sai dai e da a'a. Almakashi ce ta yi wanka, ta yi shafa, ta yi ɗauki-ajiye. Ita da ta tashi ba uwa, sai ta wayi gari tana da wadda za ta kira Inna da bakinta a cikin ɗakinta, kuma ba ta shirya rabuwa da wannan ba.

Aikatau ɗin da ake magana kuwa, ga yadda ya faro. Wata rana rigar aikin Akawu ta cinye a wuya, daidai inda take gogar ƙeya. Almakashi na tsaye tana juya ta a hannu, tana tsaki, don jikin rigar garau yake. Sai ta ji murya daga kujera.

"Juya shi."

Ta waiga. Inna ce, kuma da ita take.

"A farke wuyan. Baya ya koma gaba. Inda ya cinye ya shige ƙarƙashi."

Shekara goma sha biyar Almakashi na ɗinkin kayan mata, wannan dabarar ba ta taɓa faɗo mata ba. Ta ɗauko reza za ta fara, tsohuwa ta miƙo hannun hagu ta ce a ba ta. Ta danne rigar da dunƙulallen hannun, tana tsinke zare ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ta yi a kan wuya guda. Almakashi ta juya shi ta mayar a keke, Akawu ya sa rigarsa ya tafi ofis ana tambayarsa inda ya saya. Kafin wata ya zagayo, rigunan mazan layin sun fara taruwa a kwando, Inna na farkewa, surukarta na ɗinkewa. A bakin ƙofa take zama da hantsi, don hasken can ba a biyan kuɗinsa. A nan ne wata 'yar uwa mai dogon baki ta zo wucewa ta gan ta.

Ranar Juma'a da yamma Akawu ya shigo da shawara. A kwashe sabulun nan daga taga, a ɓoye kwandon riguna a ƙarƙashin gado, a sayo nama da lemo a cika firji, ko na yini ɗaya ne.

Almakashi ba ta ɗaga kai daga keke ba. "Gidan da Inna take tashi a ciki kullum, shi Yaya za ta gani ranar Asabar. Ba abin da zan ɓoye, ni ba sata na yi ba."

"Ba ki san Yaya ba ne."

"Na san ta. Ita ce ba ta san ni ba."

Da bakinta ta je ta gaya wa Inna abin da ake ciki, ba ta rage komai ba. Tsohuwa ta saurara, ta ce "To," ta ci gaba da kallon hannunta. Wannan "to" ɗin ya fi muryar Yaya tayar wa Almakashi da hankali. Duk da haka ta jawo akwati ta haɗa kayan tsaf, magani a aljihun gefe, don uwar mutane ce, ba a riƙe ta da ƙarfi. Tana ninke zannuwa hawaye na zuba, ta share da bayan hannu ta ci gaba.

Ƙarfe goma na safiyar Asabar mota ta tsaya a ƙofa. Direba ya buɗe, Yaya ta fito, ƙanshin turarenta ya riga ta shiga gida. Mace ce mai jiki, mai babban shagon kayan gini, wadda ta saba in ta yi magana a ce to. Abin da ta fara gani shi ne mahaifiyarta zaune a bakin ƙofa, da reza a hannu da rigar wani ƙato a cinya.

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙe fuska a ɗaure. Almakashi ta yi mata sannu da zuwa, ta kawo shayi da burodi. Yaya ba ta ko kalle su ba. Ta zaga falo, ta leƙa kicin, ta buɗe firji ta rufe, ta tsaya a gaban taga tana ƙirga gutsattsarin sabulu da ido. Akawu yana biye da ita yana murza hannu.

"Ashe abin da aka faɗa min kaɗan ne," in ji Yaya. "Ke, in babu, ba sai a faɗa ba? Ina raye za ki sa uwata ƙwadago da hannu ɗaya? Wannan ai ba talauci ba ne, rowa ce tsagwaronta."

Almakashi ta dube ta ido cikin ido. "Yaya, sabulu nawa ne, firji nawa ne, ki kira su duk abin da kika ga dama. Albashi ya ragu, na rage gida daidai da shi, kuma ban ji kunya ba. Amma kafin ki yanke hukunci a kan Inna, ki dubi hannun da kike cewa ɗaya ne."

Yaya ta juya. Hannun daman da ta sani a dunƙule, yanzu yatsu uku ne a buɗe, sun kama bakin wuyan riga suna ja, reza na bi a hankali. Ta gani sarai, sai dai mai fushi ba ya son a tare shi da gaskiya a tsakiyar hanya. Ta taka ta fizge rigar daga cinyar tsohuwa.

"Inna, tashi mu tafi. Kin gama wahala."

"Ba ni," in ji Inna.

"Inna, wannan fa rigar wani ce can—"

"Ba ni, na ce. Saura kaɗan."

Yaya ta miƙa mata, don muryar nan ta san ta tun kafin ta san kuɗi. Inna ta shimfiɗa rigar ta gyara mata zama. Maganarta a hankali take fita tun bayan ciwon, kalma na jiran kalma.

"Wata huɗu na yi a gidanki. Kin ba ni gado mai laushi. Kin ba ni mai yi min komai. Allah ya yi miki albarka." Ta numfasa. "Amma ko sau ɗaya ba wanda ya ce, Inna, yaya ake yin kaza. Safe ta yi, in ci. Yamma ta yi, in ci. Har na manta ina da baki."

Ta nuna Almakashi da rezar. "Wannan kuwa ba ta bari na huta. Inna, waken nan ya jiƙu? Inna, yadin nan zai isa? Tun safe take damuna."

"Wallahi haka ne," in ji Almakashi.

"Rowa kika ce." Inna ta ɗago ta dubi 'yarta. "Ke da siket ɗaya kika gama sakandare. Sau biyu ina farke shi ina juyawa. Kin taɓa jin yunwa?"

Yaya ta nemi kujera ta zauna, jakarta a cinya, tana kallon ƙasa. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ƙanenta bai taɓa jin ta da ita ba, "Ni na ɗauka sabo kike saya min."

"To ai shi ne aikin," in ji Inna, ta koma kan zarenta.

Almakashi ta san ta ci, amma ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Tausayin matar ne ya kama ta, ganin ta zo da mota da kyakkyawar niyya za ta ceci uwarta, ta tarar ba a neman ceto. Ta tura mata kofin shayin kusa. Wannan karon Yaya ta ɗauka ta kurɓa.

Ta yi awa biyu a gidan. Ba ta ba da haƙuri ba, irinsu ba sa iyawa, amma da za ta tashi ta ce wa Almakashi, "A mayar da kayan Inna inda suke," ta kuma kira ta ƙanwata, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kawo ta gidan. A bakin ƙofa ta sake durƙusawa gaban mahaifiyarta, ta riƙe yatsun nan uku tana kallo.

"Inna, to me zan aiko miki? Faɗi ko mene ne."

Tsohuwa ta yi ɗan tunani.

"Mijinki na da rigunan da suka cinye a wuya?"

Yaya ta yi dariya, ido cike da ƙwalla. "Jibgi guda. Zubarwa muke yi. Gobe direba zai kawo."

"Ban ce direba ba," in ji Inna. "Ke za ki kawo. Ki zauna nan kusa da ni, in nuna miki yadda ake yi."