Ƙaramar Tukunyar Yaya

Kwana shida Auta yana tuƙa baƙon nan a cikin hamada, amma tun a rana ta biyu ya gane irin kifin da ya faɗo komarsa. Mutumin daga wata ƙasa mai sanyi ya zo, kuma sana'arsa rubuta littafin da matafiya ke riƙewa don su san inda za su kwana da inda za su ci. Duk inda ya ci abinci ya ji daɗi, sai ya zaro ɗan littafi daga aljihun gaba ya rubuta sunan wurin da kwatancensa. Auta ya san abin da irin wannan rubutu yake yi. Akwai wata mai abinci a bakin sabon titi da ta fara da benci biyu, wani ya sa ta a littafi, yanzu motocin baƙi layi suke yi a ƙofarta. Shi ya sa Auta ya raɗa wa baƙon suna Mai Littafi, yana kuma lallaɓa shi kamar ƙwai.

Dalilinsa ɗaya ne, yayarsa. Yaya tana can kan tsohon titi, a rumfar abincin da mahaifinsu ya kafa tun suna yara. Da aka buɗe sabon titi motoci suka koma can, maƙwabta suka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai faci ya tafi, mai sayar da fetur a galan ya tafi, mijinta ya rasu. Ita kaɗai ta rage, sai akuya ɗaya mai ba ta madara. Mai tankar ruwa, wanda ke leƙo ta sau ɗaya a mako, ya riga ya faɗa mata gaskiya: daga ƙarshen wata ba zai ƙara ƙona mai saboda mutum ɗaya ba. In motocin baƙi suka fara tsayawa, tanka za ta ci gaba da zuwa. In ba su zo ba, sai Yaya ta tattara ta koma birni, ɗaki ɗayan Auta da ke bayan tasha, inda shi da matarsa da 'ya'ya uku suke kwana kamar an jera ashana.

Daga kan wani tudu da waya ke kamawa ya kira ta.

"Yaya, gobe da rana zan kawo miki baƙo. Wanda in ya rubuta ki, kin haye. Ki yi abinci na gani na faɗa."

"To, Auta. Allah ya kawo ku lafiya."

Abin da bai gaya mata ba, don shi ma bai ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne ƙorafin da Mai Littafi yake yi tun da suka taso. Kullum cewa yake shi abincin mutane yake so, wanda suke ci in babu mai kallonsu. Auta ya ɗauka irin surutun ƙoshi ne. Wa zai baro ƙasarsa, ya hau jirgi, ya ƙone a rana, don ya ci abin da talaka ke ci bisa dole?

Washegari suka sauka daga kwalta suka kama tsohon titi. Sa'a uku suna tafiya. Na'urar sanyin motar ta daɗe da mutuwa, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Sau biyu Auta ya tsaya ya ba injin ruwa. Mai Littafi ya yi jawur, wuyansa ya saɓule, amma sai murna yake yi, yana ɗaukar hoton duwatsu da gawar wata tsohuwar babbar mota da yashi ya cinye rabinta.

Tun daga nesa Auta ya hango fata a shanye a kan igiyar bayan rumfa. Ya duba gindin turken akuyar, babu komai sai igiya a kwance.

Yaya ta fito da mayafinta na fita unguwa, wanda rabon da ya gan shi a jikinta tun rasuwar mijinta. Ta share rumfar tas, ta yayyafa ruwa a ƙasa, ruwan da take aunawa da kofi. Ta shimfiɗa sabuwar leda mai furanni a kan tebur. A kai akwai farar shinkafa, taliya da kifin gwangwani, soyayyen nama cike da faranti, da lemon kwalba biyu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Yaya, akuyar?" in ji Auta ƙasa-ƙasa.

"Kai ka ce na gani na faɗa. Da me zan yi shi, da yashi?"

Mai Littafi ya zauna, ya yi godiya da kalma biyun da ya iya, ya ci. Ya ci cikin ladabi, irin cin wanda ba ya son ya ɓata wa mai gida rai. Ya ɗauki tsoka ɗaya, ya juya taliyar da cokali. Auta ba abincin yake kallo ba, aljihun gaban rigar yake kallo, kuma hannun mutumin bai ko nufi wajen ba.

"Da daɗi," baƙon ya ce da Auta a harshensa. "Amma taliya da kifin gwangwani ai akwai su a kantin da ke ƙasan gidana."

Ya tashi zai wanke hannu. Yaya ta nuna masa bayan rumfa, inda buta take. A nan, kusa da murhu, ya ga ƙaramar tukunya baƙa an rufe ta da faranti. Mutum ne da ba ya ganin murfi ya ƙyale. Kafin a ankara ya buɗe. Ragowar abincin Yaya ne na safe, wanda shi ne na jiya, shi ne kuma na watanni: ɓarzajjen hatsi da aka dafa da ruwa da gishiri, aka marmasa busasshen ganye a kai, ko ɗigon mai babu.

Yaya ta taho da sauri, hannu a miƙe, tana neman ta rufe.

"Yi haƙuri. Auta, ce masa ya yi haƙuri, ba nasa ba ne. Haƙuri, haƙuri."

Baƙon ya riga ya sa cokali. Ya tauna a hankali, ya lumshe ido. Sai ya tsuguna a nan gaban murhu, cikin toka, ya ci gaba da ci. Daga nan hannunsa ya tafi aljihu, littafin ya fito.

"Ha-ku-ri," ya faɗa yana rubutawa. "Haka ake kiransa?"

Auta ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya ga alƙalami yana tafiya a kan takarda. Kwana shida yake jiran wannan. Ya haɗiye gyaran.

"Haka ne sunansa," ya ce.

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutumin bai ga Yaya ta juya baya ta ja mayafi ta rufe fuska ba. Matar da ta shekara talatin tana ciyar da direbobi, ba wanda ya taɓa tashi daga teburinta da sauran wuri a ciki, yau ga baƙo yana ɗaukar hoton yunwarta ta gaba da ta gefe. Ya tambayi yadda ake dafawa, da tsawon lokacin da yake ɗauka a wuta. Auta yana fassarawa, ita tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Kunya ta kama Auta har wuya, amma a ƙarƙashinta murna yake yi. In dai motoci za su zo, a kira shi duk abin da aka ga dama.

Da ya sharce tukunyar, Mai Littafi ya dawo rumfa ya zauna, ya daɗe yana kallon titin da babu ko tsuntsu a kansa. Sannan ya dafa kafaɗar Auta.

"Wannan ne abinci mafi gaskiya da na ci a tafiyar nan. Ka san me zan yi? Zan rubuta abincin, amma ba zan faɗi inda yake ba."

Auta ya zaci kunnensa ne, ko ƙarancin harshen da ya tsinta a ƙofar otal. Ya sa ya maimaita.

"Na ga abin da ke faruwa," in ji baƙon. "In na sa kwatance, shekara ɗaya motoci sun cika nan, an kawo kujerun roba da firiji, an lalata komai. Na yi wa wurare da yawa haka, ina kuma nadama. Wannan zan bar shi yadda yake. Kyautata ke nan gare ta."

Auta ya yi magana, ba za a ce bai yi ba. Ya faɗi zancen tanka, ya faɗi ƙarshen wata, ya nuna turken da babu akuya. Amma harshen baƙon da ya iya na kwatancen hanya ne da cinikin mota, bai kai ya ɗauki wannan kaya ba. Mutumin ya yi ta gyaɗa kai cikin tausayi, ya ce mutanen hamada suna da ƙarfin hali, sun fi ƙarfin kowace tanka, shekara dubu suna nan. Ya rufe littafin ya mayar aljihu. Abin takaicin shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da Auta ya samu wanda zai zaga.

Yaya tana tsaye a bakin rumfa tana kallon bakunansu.

"Me ya ce? Ya rubuta ni?"

"Ya rubuta."

"Da kwatancen?"

Auta ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ita ta goya shi, ta san shirunsa kala-kala. Ba ta sake tambaya ba. Ta shiga ta juye sauran naman a leda ta ɗaure, ta ce a kai wa yara kada zafi ya lalata shi. Sannan ta je ta kama babbar tukunyar mahaifinsu, wadda ake dafa wa mutum arba'in a ciki, ta jawo ta har gindin mota.

"Buɗe but ɗin. Mai tanka ba zai yarda ya ɗaukar mini wannan ba. Ka ce wa matarka ta matsar da katifar yara, ni ba ni da kaya da yawa."

"Yaya, ki yi..."

Ya tsaya.

"Faɗi mana," ta ce. "Ai haƙurin, baƙonka ya cinye shi, har ya sharce tukunya."

Suka kama hanya da la'asar, rana na dukan gilashin gaba. Duk ramin da suka faɗa sai tukunyar ta buga a baya. Mai Littafi ya kishingiɗa, ƙafa a kan gaban mota, cikinsa a cike, yana maimaita sabuwar kalmarsa don kada ta ɓace masa. Can ya juyo ya ce in Allah ya yarda baɗi zai dawo shi kaɗai, ba tare da ya gaya wa kowa ba, kuma Auta zai sake kawo shi wurin matar nan.

Auta ya duba madubi. Can nesa a baya, Yaya tana tsaye a kan benci, ta fara kwance ledar rufin rumfar.